Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsofaffin Katunan 'Yan Wasa da Tarihin Shigar Baƙaƙen Fata Gasar NFL

Masu tara tsofaffin katunan 'yan wasa a Amurka suna da wani rukuni da suke ba wa muhimmanci na daban, wato katunan baƙaƙen fatar da suka fara shiga gasar ƙwararru ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka bayan an daɗe da rufe musu ƙofa. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi katunan da tarihin da ke tattare da su, har da mutanen da suka cancanci a buga musu kati amma ba a buga ba.

Wane wasa ake nufi, kuma mene ne waɗannan katuna?

Wasan shi ne wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, 'yan wasa goma sha ɗaya a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa, ana ɗaukar ƙwallon a hannu a ruga da shi ko a jefa wa abokin wasa. Babbar gasarsa ita ce NFL, wadda aka kafa a garin Canton na jihar Ohio a 1920, aka kuma raɗa mata wannan suna a 1922.

Katunan kuwa 'yan ƙananan kwalaye ne, hoton ɗan wasa a gaba, bayani a kansa a baya. Kamfanonin taba ne suka fara sa su cikin kayansu, kuma saitin farko na wannan wasa shi ne na tabar Mayo a 1894, mai ɗauke da ɗaliban jami'o'in Harvard da Yale da Princeton. Daga baya sana'ar ta koma hannun kamfanonin cingam, suna sa kati cikin fakiti domin yara su saya, su yi musaya a tsakaninsu. Babu wanda ya yi tunanin adana su a lokacin, shi ya sa waɗanda suka tsira da kyawunsu ba su da yawa.

Da gaske ne an taɓa hana baƙaƙen fata buga gasar NFL?

Gaskiya ne, sai dai abin ya zo ta wata hanya da mutane da yawa ba su sani ba, domin gasar ta fara ne da baƙaƙen fata a cikinta. Fritz Pollard ya jagoranci ƙungiyar Akron Pros ta ci kofin kakar farko ta 1920, kuma a 1921 ya zama ɗaya daga masu horar da ƙungiyar, wato baƙar fata na farko da ya riƙe wannan matsayi. Bobby Marshall ya buga wa Rock Island a shekarar farkon. Paul Robeson, wanda daga baya ya shahara a waƙa da fafutukar neman 'yanci, ya buga wa Akron da Milwaukee. Duke Slater ya yi shekaru yana tsaron layi a Chicago Cardinals kafin ya zama alƙali a birnin Chicago. Baƙaƙen fata 13 ne suka buga gasar tsakanin 1920 da 1933.

Bayan kakar 1933, wadda Joe Lillard ya buga wa Cardinals, Ray Kemp kuma ya buga wa Pittsburgh, sai aka nemi baƙar fata a gasar aka rasa har 1946. Babu wata doka da aka rubuta, kuma masu ƙungiyoyin sun yi ta musanta cewa akwai yarjejeniya a tsakaninsu, amma kakar wasa 12 a jere ba tare da an ɗauki mutum ko ɗaya ba, alhali jami'o'i na ta yaye gwanaye, ba abu ne da za a ce katari ya kawo shi ba. Masana tarihin wasan sukan ɗora kaso mai yawa na alhakin a kan George Preston Marshall, mai ƙungiyar da ta faro a Boston a 1932 ta koma Washington a 1937, ko da yake shirun sauran masu ƙungiyoyin ne ya ba shi damar cin karensa babu babbaka.

To akwai katunan Pollard da 'yan zamaninsa?

Babu katin cingam na Pollard ko Slater ko Lillard da aka buga lokacin da suke wasa. A shekarun 1920 gasar ƙwararru ba ta da farin jini, wasan jami'o'i ne ke cika filaye, saboda haka kamfanoni ba su ga riba a buga katunanta ba. Saiti na farko da aka rarraba a faɗin ƙasar shi ne na kamfanin National Chicle a 1935, mai katuna 36, kuma a cikinsa ne shahararren katin Bronko Nagurski yake. Duk wanda ya jera katunan nan 36 a kan tebur ba zai ga baƙar fuska ko ɗaya ba, domin an buga saitin ne shekara biyu bayan rufe ƙofar. Masu tara katuna suna yabon zanensa da launukansa, kuma yabon ya dace, amma saitin shi kansa shaida ce ta yadda gasar take a lokacin.

Wanda ke son wani abu na zamanin Pollard sai ya koma ga hotunan ƙungiya, da takardun shirin wasa da ake sayarwa a ƙofar fili, da guntayen tikiti, da shafukan jaridu. Pollard bai shiga Zauren Fitattun 'Yan Wasa da ke Canton ba sai 2005, shekara 19 bayan rasuwarsa, Slater kuma sai 2020.

Me ya faru a 1946 har aka sake buɗe ƙofar?

Abubuwa biyu ne suka faru a wurare biyu, kuma dalilansu sun sha bamban. Na farko, ƙungiyar Rams ta bar Cleveland ta koma Los Angeles, tana neman hayar babban filin Coliseum, wanda mallakar jama'a ne da aka gina da kuɗin haraji. A zaman hukumar filin cikin Janairun 1946, 'yan jarida baƙaƙen fata, musamman Halley Harding na jaridar Los Angeles Tribune, suka tsaya kai da fata cewa bai halatta a ba da filin jama'a ga ƙungiyar da ke nuna wariya ba. Rams ta ga ba ta da mafita, sai ta ɗauki Kenny Washington ranar 21 ga Maris, 1946, sannan ta ƙara da Woody Strode a watan Mayu. Su biyun sun buga wa jami'ar UCLA a 1939 tare da Jackie Robinson, wanda daga baya ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar babbar gasar besbol.

Na biyu, an kafa wata sabuwar gasa mai suna AAFC domin ta yi gogayya da NFL, kuma a cikinta koci Paul Brown na Cleveland Browns ya ɗauki Bill Willis da Marion Motley a watan Agusta. Shi babu wata hukuma da ta matsa masa. Ya san Willis tun a jami'ar jihar Ohio, ya kuma horar da Motley a ƙungiyar sojan ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma nasara yake nema. Duk wannan ya faru kafin Robinson ya fara buga wa Brooklyn Dodgers wasan besbol ranar 15 ga Afrilu, 1947, amma sunan Robinson ne duniya ta riƙe, saboda besbol ne wasan da ya fi kowanne karɓuwa a Amurka a wancan zamani.

Me ya sa katin farko na Kenny Washington na 1948 ne, ba na 1946 ba?

Saboda babu wani babban kamfani da ya buga katunan wannan wasa tsakanin 1935 da 1948. Shekarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan tarihi ta wuce ba tare da katin cingam ba. Sai a 1948 ne kamfanoni biyu, Bowman na Philadelphia da Leaf na Chicago, suka fito da saitinsu, kuma dukansu sun sa Washington, a daidai kakarsa ta ƙarshe.

Katunan biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Na Bowman ɗan ƙarami ne, bai fi santimita 5 da ɗoriya a faɗi da 6 da ɗoriya a tsayi ba, hoto ne baƙi da fari da farin gefe, kuma babu suna ko rubutu a gabansa, sai an juya baya kafin a san ko wane ne. Washington shi ne lamba 8 a cikin katuna 108. Na Leaf ya ɗan fi girma, an shafa wa hoton launi a kan bango mai launi ɗaya, sunan ɗan wasa a ƙasa, kuma Washington ne lamba 17 a cikin 98. Aikin ɗab'in Leaf bai yi kyau ba: launi kan zarce layin hoto, kwalin kan yi duhu, hoton kan karkata gefe ɗaya, kuma kati ɗaya kan fito da launuka mabambanta, abin da ya sa masu tarawa ke bin kowane nau'i daban. Saitin Leaf ya haɗa da 'yan wasan jami'a, shi ya sa ake samun George Taliaferro na Indiana da Levi Jackson na Yale a ciki tun kafin su gama karatu.

Mutumin da ke jikin katunan nan ya riga ya ba da mafi kyawun shekarunsa a wani wuri. A 1939 babu ɗan wasan jami'a da ya kai shi yawan yadin da ya ci da gudu da jifa a haɗe, amma babu ƙungiyar NFL da ta ɗauke shi, sai ya koma buga wa Hollywood Bears a wata ƙaramar gasa ta gaɓar yamma, ya kuma yi aikin ɗan sanda. Lokacin da ya iso Rams an riga an yi masa tiyata sau da dama a gwiwa. Duk da haka a 1947 ya yi gudun yadi 92 da ƙwallo har ya ci, abin da ya zama tarihi a ƙungiyar. Ya rasu a 1971 yana da shekara 52.

Ina katunan Motley da Willis da Strode?

A nan ne gibin ya fi fitowa fili. Bowman da Leaf ba su sa 'yan wasan AAFC a saitin 1948 ba, saboda haka shekaru huɗun da Browns ta yi tana lashe kofin wannan gasa a jere, daga 1946 zuwa 1949, ba su bar katin cingam ba. Sai da Browns ta shiga NFL a 1950 sannan Motley ya samu katinsa na farko, lamba 43 a saitin Bowman mai katuna 144, zane mai launi a kan ɗan ƙaramin kwali. 'Yan kasuwa na kiransa katin sabon shiga, alhali mutumin yana da shekara 30 kuma yana cikin kakarsa ta biyar. A shekarar ce ya fi kowa a gasar cin yadi da gudu, yadi 810, Browns kuma ta ɗauki kofi. Duk wanda zai fara tara katunan wannan tarihi, a ganina da wannan ya kamata ya fara, domin mai shi yana cikin mutum huɗun farko, yana Zauren Fitattu tun 1968, kuma katin na samuwa idan ba a dage a kan mai sheƙi ba.

Bill Willis kuwa ya buga wasa har 1953, ana sa shi cikin gwanayen gasa kusan kowace shekara, ya shiga Zauren Fitattu a 1977, amma Bowman bai taɓa buga masa kati ba. Ana iya cewa masu tsaron layi irinsa ba su cika samun kati ba, domin kamfanoni sun fi son masu ci da masu jifa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai abokan wasansa da ba su kai shi ba sun samu. Strode kaka ɗaya kawai ya yi a Rams, wato 1946, shekarar da babu kati, daga nan ya tafi Kanada ya ci kofin Grey, wato babban kofin gasar ƙasar, da Calgary a 1948, sannan ya zama ɗan fim. Ke nan cikin mutum huɗun da suka buɗe ƙofa, biyu ne kaɗai ke da katin manyan kamfanonin cingam daga lokacin da suke NFL. A 2022 Zauren Fitattu ya karrama su huɗun tare, bayan duk sun rasu.

Rubutun bayan katin yana faɗin wariyar da suka fuskanta?

Bayan kati wurin yabo ne da alƙaluma: tsayi, nauyi, jami'a, yadin da aka ci, wani lokaci da tallar wata kyauta da yaro zai aika a turo masa. Ba a nan mai karatu zai ji cewa a 1946 an bar Motley da Willis a gida lokacin da Browns ta je wasa Miami ba, saboda dokar jihar Florida ta hana baƙi da fari yin wasa tare, ga kuma barazanar kisa da aka aiko musu. Haka nan ba a nan zai ji yadda abokan hamayya ke taka musu hannu da takalmi mai ƙusa bayan an busa usur, alƙalan wasa na kau da kai, ko yadda ake raba musu masauki da abokan wasansu a wasu garuruwa ba. Motley ya nemi aikin horarwa bayan ya yi ritaya, ba a ba shi ba. Wanda ya dogara da kati kaɗai zai ɗauka komai ya tafi lami lafiya, don haka dole ne a haɗa shi da jaridun baƙaƙen fata na zamanin, irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender, waɗanda suka bi lamarin mako-mako.

Su wa suka biyo baya a shekarun 1950?

Suna da yawa, kuma a nan ne mai tarawa zai fi samun abin saye. Joe Perry na San Francisco yana cikin Bowman na 1950 tare da Motley. A na 1951 akwai Emlen Tunnell, baƙar fata na farko a New York Giants, wanda kuma ya zama na farko da ya shiga Zauren Fitattu a 1967, da Tank Younger na Rams, wanda ya fito daga Grambling, ya zama na farko da ya shigo gasar daga kwalejojin da aka kafa domin baƙaƙen fata. George Taliaferro shi ne baƙar fata na farko da wata ƙungiyar NFL ta zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa, lokacin da Chicago Bears ta kira sunansa a 1949, ko da yake ya tafi AAFC ne da farko.

Katin Ollie Matson na 1952 yana da labari na musamman. A 1951 ƙungiyar jami'ar San Francisco ta gama kaka ba a doke ta ba, aka nuna mata cewa za a gayyace ta babban wasan ƙarshen shekara a kudancin ƙasar idan ta bar Matson da Burl Toler a gida, 'yan wasan suka ƙi. Matson ya ci lambobin yabo biyu a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 kafin ya shiga NFL, Toler kuma ya zama baƙar fata na farko cikin alƙalan gasar a 1965.

Kamfanin Topps ya sayi Bowman a 1956, kuma daga 1957 girman kati ya tsaya a inci biyu da rabi a faɗi, uku da rabi a tsayi, wanda ake amfani da shi har yau. Katin da ya fi kowanne tsada a wannan zango shi ne na Jim Brown na 1958, lamba 62, hoto a cikin zagaye mai siffar ƙwai, an rubuta sunansa Jimmy Brown. A 2016 an sayar da wani kwafinsa da kamfanin tantance lafiyar kati ya ba maki 9 cikin 10 a gwanjo a kan fiye da dala 300,000.

Me ya sa ake yawan ambaton katin Ernie Davis, alhali bai taɓa buga wasa a gasar ba?

Saboda katin nan ya faɗo a tsakiyar rikicin ƙungiya ta ƙarshe da ta ƙi ɗaukar baƙar fata. Har 1961 George Preston Marshall bai ɗauki ko ɗaya a ƙungiyarsa ta Washington ba, shekara 15 bayan Rams da Browns. Ƙungiyarsa ce ta fi kowace kusa da kudanci, yana kuma sayar da wasanninta ga gidajen rediyo da talabijin na jihohin da ke bin tsarin wariya. Amma sabon filin da zai koma an gina shi ne a kan ƙasar gwamnatin tarayya, sai sakataren harkokin cikin gida na gwamnatin Kennedy, Stewart Udall, ya gargaɗe shi a 1961 cewa ko ya daina wariya ko ya rasa filin. Dabarar da ta yi aiki a Los Angeles ita ce ta sake yin aiki a nan.

Washington ce ta zo ƙarshe a kakar 1961, don haka ita ke da zaɓin farko, ta zaɓi Davis na jami'ar Syracuse, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a. Daga nan ta miƙa shi ga Cleveland ta karɓi Bobby Mitchell. Topps ya buga katin Davis a saitin 1962, lamba 36, a matsayin ɗan wasan Browns, amma a bazarar shekarar aka gano yana da kansar jini, ya rasu ranar 18 ga Mayu, 1963 yana da shekara 23. Saitin 1962 a kwance yake, da hoto mai launi da wani ɗan ƙarami baƙi da fari a gefensa, an kewaye shi da baƙin gefe. Baƙin gefen nan ko ɗan gogewa ya yi sai farin kwali ya leƙo, shi ya sa samun mai tsafta ke da wuya.

Mitchell, wanda katinsa na farko na 1959 ne da rigar Browns, ya fi kowa a gasar cafe ƙwallo a kakarsa ta farko a Washington, sau 72. Yana da kyau a ajiye katinsa kusa da na Davis, domin shi ne ya sha wahalar zama a garin.

Wace rawa gasar AFL ta taka?

AFL, wadda ta yi gogayya da NFL daga 1960 zuwa 1969, ta fi zuwa neman 'yan wasa a kwalejojin baƙaƙen fata na kudu, wani ɓangare saboda tana buƙatar gwanayen da babbar gasa ta yi watsi da su. Buck Buchanan na Grambling ne zaɓin farko a zaɓenta na 1963. A Janairun 1965 'yan wasa baƙaƙen fata da aka gayyata wasan gwanayen gasar a New Orleans suka ƙi bugawa, bayan direbobin tasi sun ƙi ɗaukarsu, gidajen shaƙatawa sun ƙi barinsu shiga, dole aka mayar da wasan Houston. Katunan 'yan wasan AFL na farko kamfanin Fleer ne ya buga su daga 1960, Topps ya karɓa daga 1964.

Shin da 1962 aka gama batun?

A'a, wariyar ta koma kan matsayi. An daɗe ana ganin cewa kwatabak, wato jagoran hari mai jefa ƙwallo, aiki ne na mai kaifin tunani da ba za a damƙa wa baƙar fata ba, sai a mayar da gwanin jifa mai cafewa ko mai tsaron baya. Willie Thrower ya ɗan taɓa matsayin a Chicago Bears a 1953. Marlin Briscoe ya riƙe shi a Denver a 1968, ya yi abin a zo a gani, amma a shekarar da ta biyo baya ya koma Buffalo a matsayin mai cafewa. Warren Moon babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 1978, ya tafi Edmonton ta Kanada ya ci kofin Grey sau biyar a jere, shi ya sa katunansa na Kanada suka riga katinsa na Topps na 1985. Doug Williams, mai katin farko na 1979, shi ne baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin NFL, a wannan matsayi, a Janairun 1988, kuma da ƙungiyar Washington ya ci. A ɓangaren horarwa kuwa, bayan Pollard sai da aka kai 1989 kafin Art Shell ya zama babban koci a Raiders.

Me ke sa kati ya yi tsada?

Sunan ɗan wasa, da kasancewar katin na farko ne, da ƙarancinsa, sannan lafiyar kwalin, wadda ita ce ke kawo babban bambanci. Kamfanonin tantancewa irin su PSA, wanda aka kafa a 1991, da SGC da Beckett suna duba kusurwa huɗu, da gefuna, da fuskar kati, da yadda hoton ya zauna a tsakiya, su ba da maki daga 1 zuwa 10, su rufe katin cikin roba mai tauri da lambar rajista. Kati mai maki 8 na iya ninka mai maki 3 sau da yawa a farashi. Ƙaranci ma yana da dalilansa na ɗab'i: a Bowman na 1948 katunan da lambarsu ke rabuwa da 3 an buga su kaɗan, a Leaf kuma lambobi 50 zuwa 98 sun fi wuyar samu.

Muhimmancin tarihi bai cika tafiya daidai da farashi ba. Kasuwa ta daɗe tana fifita wanda ke Zauren Fitattu, kuma da yake Kenny Washington ba ya ciki, katinsa ya yi shekaru ana sayar da shi da arha idan aka kwatanta da matsayinsa. Farashin tsofaffin katuna ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021 lokacin annobar korona, daga baya ya sauka, don haka wanda ya shigo da niyyar riba cikin gaggawa yana iya yin kuka da idonsa.

Yaya ake gane jabu?

A sa gilashin ƙara girma a kan rubutun da baƙaƙen layukan katin. A kati na asali tawadar rubutu a cike take, gefenta a tsaye, amma a wanda aka kwafa da na'urar zamani rubutun kan tarwatse ya zama ɗige-ɗige masu launi. Kwalin da ya yi fari fat ko ya yi santsi fiye da kima abin zargi ne. Akwai kuma katin asali da aka yi wa kwaskwarima: a datse gefe da reza domin kusurwa ta yi kaifi, ko a bi baƙin gefen katin 1962 da alƙalami a rufe inda ya goge. Auna kati da ma'auni yana tona na farko, karkata shi a ƙarƙashin fitila yana tona na biyu. Idan katin na cikin robar tantancewa, a duba lambar rajistar a shafin intanet na kamfanin, a kwatanta hoton da ke can da abin da ke hannu, domin ita ma robar ana yin jabunta.

Katunan girmamawa da aka buga daga baya fa?

Ba jabu ba ne muddin an sayar da su da sunan abin da suke. Tun daga shekarun 1970 da 1980 kamfanoni ke buga katunan tsofaffin gwanaye, kuma ta wannan hanya mai tarawa zai iya sa Pollard ko Willis a kundinsa. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma bai kamata a biya musu farashin tsohon kati ba.

Wanda ke zaune nesa da Amurka zai iya tara su, kuma yaya zai adana su?

Zai iya, ta kasuwannin intanet irin su eBay da gidajen gwanjo irin su Heritage da Goldin, sai dai cinikin da dala ake yi, kuma kuɗin aikawa da na kwastan na iya zarce kuɗin kati mai araha, don haka ya fi kyau a tara saye a aiko gaba ɗaya ta hanyar da ake iya bin sawun kaya. Mai farawa ya fi dacewa ya nemi kati mai maki 2 zuwa 4 da aka riga aka tantance, domin lanƙwasar kusurwa ba ta rage komai daga tarihin da katin ke ɗauke da shi.

Wajen adanawa, abokan gabar kwali su ne rana da laima da gara. Rana na kashe launi, musamman ja da rawaya na katunan Leaf, laimar damina na sa kwali ya kumbura ya yi tabo, zafi kuma na lanƙwasa shi. A sa kowane kati a 'yar leda mai laushi da aka yi domin haka, sannan a cikin roba mai tauri, a jera su a tsaye cikin akwati mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima, a ɗora akwatin a kan kanta nesa da bango da ƙasa. Kada a ɗaure katuna da robar ɗaure kuɗi, kada a manna su da gam ko salatif, kuma kada a kai su shagon da ake lulluɓe takardu da leda mai zafi, domin katin da aka yi wa haka kamfanonin tantancewa ba za su ba shi maki ba.